Jan Idon Rautar Ni'ima

Talata, bayan la'asar

Tun ina ɗan yaro a Gwallaga nake jin labarin wani Sabitu baduku. Wai ya kama hanyar fatauci da sassafe, kafin rana ta ɗaga ƙanwarsa ta ɗauki tsintsiya ta share ɗakinsa tas, har da sawunsa na bakin ƙofa. Wai shi ke nan, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Masu ba da labarin kan rufe da cewa ba a share sawun matafiyi sai an ji ya sauka. Na ji shi a bakin kakata, na ji shi a bakin mai kokon unguwarmu, na ji shi a rugage lokacin da nake yawon yi wa shanu allura. A wani wurin Sabitun Bafulatani ne, a wani wurin ma mace ce. Ban taɓa ba shi gaskiya ba. Ina tsintsiya, ina hanyar fatake?

Ban san abin da ya tuno mini da shi ba. Zancen rauta na zauna in rubuta.

Rauta dai ita ce farar na'urar nan mai ƙaho biyu da ke zaune a kan kabad a falo, tana raba mana intanet. Gidanmu na unguwar Ɗan Iya ginin ƙasa ne mai kauri da aka lulluɓe da siminti, sabis ba ya wuce zaure, shi ya sa Ni'ima, autarmu, ta sayo ta, ta jawo mata waya daga saman kwano. Sai dai kamfanin da ya sayar da ita ya ɗaure ta, ba ta karɓar layin kowa sai nasa, nasa kuwa a lungunmu sai ya ga dama. Jajibirin tafiyarta Ni'ima ta baje a kan darduma da kwamfutarta, ta sauko da wata manhaja da ba ta kamfanin ba, ta zuba mata.

"Baba, na canza mata ƙwaƙwalwa," in ji ta. "Yanzu layin da ka ba ta duk za ta ci."

Na ce mata saniyar da ba ta zaɓen ciyawa ita ke kumburin ciki. Ta yi dariya har tana buga gwiwa. Ta kuma sake mata suna. Yanzu duk wanda ya buɗe wayarsa a gidan nan, abin da zai gani shi ne Baba-sha-magani.

Jiya da safe suka tafi, ita da abokan aikinta, can yamma, za su kafa na'urori a wasu asibitocin karkara. Kafin azahar idon rauta na uku ya koma ja. Na rubuta mata a babbar wayar nan mai kama da allo, wadda ta bar mana, na ce kin sauka lafiya? Saƙon na nan da ɗan hoton agogo a gefensa. Bai fita ba.

Na sha magani.

Laraba, hantsi

Ba ni da ilimin na'ura, amma na san yadda ake duba mara lafiyar da ba ya magana. Ido ake fara dubawa, sannan a taɓa jiki. Idanunta uku ne. Na farko kore, yana nan daram. Na biyu yana ƙyaftawa. Na uku ja ne kamar na ɗan akuyar da ya ci guba. Jikinta da ɗumi, amma wane ne ba ɗumi a wannan bazara?

Na cire ta daga wuta, na bari ta huta, na mayar. Ja. Na zare layin, na goge shi da bakin riga, na hura ramin, na mayar. Ja. Allon ya ce an haɗa, amma babu intanet, wato an ɗaura aure amarya ba ta tare ba.

Yagana, matata, na tsaye a kaina da ludayi a hannu. "Malam, yarinyar nan tana can tana ta kira, kai kana nan kana yi wa akwati tofi."

Na ce tofin ma ai magani ne.

Laraba, bayan magariba

Ashiru, yayan Ni'ima, ya zo. Bai shiga ya gai da uwarsa ba, a zaure ya tsaya ya aika a kira ni. Motar su Ni'ima ba ta isa ba. Sauran abin da ya faɗa ba na rubutawa ba ne.

Mun yi shawara kada Yagana ta ji tukuna. Likita ya riga ya gargaɗe mu a kan hawan jininta tun faɗuwar da ta yi bara.

Da na koma ciki ta ce me ya hana shi shigowa. Na ce sauri yake. Ta ce Ni'ima fa? Na nuna mata kan kabad, na ce ga mai laifin nan.

Alhamis, azahar

Ja.

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci

Labari ya riga ni zuwa masallaci. Mutanen da rabona da musabiha da su tun Sallah yau sun riƙe hannuna sun ƙi saki. Ina sauraron kalmar da kowa zai zaɓa. Duk "Allah ya bayyana" suke cewa. Babu wanda ya ce ɗayar, ta ta'aziyya, tukuna. Na gode wa Allah a kan wannan.

Wani maƙwabci ya biyo ni har ƙofar gida da muryarsa kamar ta mai shela. Yagana ta jiyo daga tsakar gida.

"Me ya ɓata ake ta Allah ya bayyana?"

Na ce sabis.

Ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗe.

Asabar, la'asar

Ashiru ya kawo layin wani kamfani, muka gwada. Ja. Muka gwada na uku. Ja. Ya haɗa ta da kwamfutarsa da kebul, wani shafi ya buɗe yana neman kalmar sirri. Ba wadda ake shiga intanet da ita ba, wata ce ta cikin ciki, wadda Ni'ima kaɗai ta sani. Ya gwada sunanta, ya gwada sunan uwarsu, ya gwada sunan kyanwar da ta mutu. Na ce ya gwada "Baba mai taurin kai", don haka take ce mini. Ya rubuta da gaske. Shafin ya ƙi. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ƙarshe ba.

Wayarsa ba ta barin tafin hannunsa yanzu. Ta yi ƙara muna cikin aikin, ya fita da ita har bakin titi, ba takalmi. Da ya dawo ya ce ba su ba ne.

Ban tambaye shi su wa ba.

Lahadi, hantsi

Hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya watse. Zafi ya ƙaru. Na sha magani.

Talata, bayan azahar

Yagana ta gaji da ni. Ita da kanta ta aika kasuwar Wunti aka kira Kelechi mai gyaran waya. A Bauchi aka haife shi, gemunsa har ya fara furfura, amma har yau a Hausarsa kowa namiji ne. A shagonsa Ni'ima ke sayen kayan aikinta, kullum sai sun yi musu.

"Baba Dokta, ina mara lafiya?"

Na nuna masa. Ya juya ta, ya karanta bayanta, ya haɗa kwamfuta, ya yi tsaki irin na wanda ya ga aikin da ya burge shi kuma ya ba shi haushi.

"Na faɗa wa yarinyar nan. Wannan manhaja na ƙanensa ne, ba nasa ba. Sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne. Kamar ka ba rago allurar doki."

Yagana ta ce, "To ka gyara mana, ɗan nan, ba wa'azi muka kira ka ba."

"Mama, akwai abu ɗaya da bai gama saitawa ba, ƙofar da zai bi ya gai da kamfani. In na shiga ciki, yanzu zan gyara. Amma ya kulle, ya tafi da makulli."

Sai ya nuna mini wani ɗan rami a bayanta, ƙarami kamar hancin allura. Ya ce in aka sa tsinke aka danne, komai zai goge, sannan ya mayar mata da manhajar kamfani ta asali.

Na ce har sunan?

"Komai, Baba Dokta. Zai dawo kamar ranar da aka haife shi."

Na ce ya bari sai wani jiƙon, yau ban shirya ba. Yagana ta ce wane irin shiri ake yi wa tsinke? Na ce ba a yi wa dabba aiki da tsakar rana.

Na raka shi zaure. A nan ya sauke murya. "Na ji a kasuwa. Muna sa shi a addu'a a coci." Ya ɗan tsaya. "Amma Baba, rautan nan yana zafi fiye da ƙa'ida. In an bar shi haka, wata rana zai kwanta, ba zai tashi ba. Lokacin ko tsinke ba zai yi aiki ba."

Laraba, la'asar

Ashiru ya ce in fito da allon zaure, zai ba shi intanet daga wayarsa. Ashe tun farko ana iya haka. Na san ana iyawa. Na ce cajinsa ya ƙare. Ya shiga ya ɗauko da kansa, cajin a cike.

Agogon gefen saƙona ya juya, ya zama 'yar alama ɗaya. Ashiru ya ce ma'anarta saƙon ya bar hannunmu, amma bai shiga wayarta ba. In ya shiga za su zama biyu. In an buɗe an karanta, su koma shuɗi.

Da agogon ya fi mini. Agogo laifin gidanmu ne.

Alhamis, hantsi

Rautar ta fara suma. Idanun duka su mutu, sunan ya ɓace daga allon, can sai ta farfaɗo, Baba-sha-magani ya dawo. Na farko da ya faru ina riƙe da kofin shayi. Yagana ce ta goge dardumar.

Na sauko da ita daga kabad na ɗora a kan murfin randa, inda sanyi yake. Na juya mata fankar da ke aiki da batirin sola. Mu kuma muna fifita da mafici.

Yagana ta ce, "Shekara nawa muna tare, ban taɓa ganin ka ba ni fanka kai ka sha zafi ba. Ashe sai mai ƙaho."

Juma'a, bayan masallaci

Ɗaya. Ja. "Allah ya bayyana" ta fara raguwa, yanzu hannu kawai suke matsewa.

Lahadi, bayan la'asar

Akwai wani Arɗo Salihu da na sani a rugar bayan Gubi, zamanin ina aiki. Yana da wata saniya fara sol da ya gada daga uwarsa. Ta kwanta ciwo, na duba na ce Arɗo, a kawo wuƙa tun tana da sauran numfashi, a ci nama. Ya ce Dokotoro, ƙara mata allura. Na ƙara. Washegari na ce wuƙa, ya ce allura. Haka muka yi ta yi har ta zama mushe, aka ja ta daji, ko fatar ba a mora ba. Na yi masa faɗa sosai a ranar. Ya bari na gama, ya ce, "Ta mutu, e. Amma ba da hannuna ba."

Na daɗe ina ba da wannan labari a majalisa don a yi dariya.

Yau rautar ta suma kafin azahar, ta suma bayan azahar. Na sha magani, ko ban sha ba? Bari in sake dubawa.

Litinin, magariba

Ashiru ya zo da wasu mutum biyu da ban sani ba, suka zauna a zaure. Ɗayansu yana ta cewa a yi haƙuri, irin wannan ba a gaggawa. Ɗayan yana ta kallon takalmina. Bayan sun tafi Ashiru ya jingina da bango ya rufe fuska da hula. Rabon da in ga ya yi haka tun yana firamare.

Ɗaya.

Laraba, hantsi

Yagana ta daina tambayar Ni'ima. Rautar take tambaya. Da safe, da rana, da yamma: yaushe za a gyara? Jiya ta dafa dambun zogale, abincin da ba mai cinsa a gidan nan sai mutum ɗaya. Ta rufe a kwano, ta ajiye. Da yamma ta ba maƙwabta.

Ta rame. Ni na sa ta zaman jiran akwati. Idan na gyara, idon ya koma kore, kira bai shigo ba, me zan nuna mata a kan kabad? Idan ban gyara ba, rautar ta mutu da kanta, sunan ya tafi duk da haka. Da wani ne ya kawo mini wannan shawara, da tuni na ce a kawo wuƙa.

Na aika wa Kelechi ya zo gobe.

Alhamis, bayan la'asar

Ya zo da kwamfutarsa da manhajar kamfani a shirye. Ya taɓa rautar ya janye hannu. "Kai! Baba Dokta, za a iya soya ƙwai." Ya nemi tsinke, Yagana ta zare fil daga ɗankwalinta ta miƙa masa. Ya kifa rautar a cinyarsa, ya ce in na ce bismilla zai danna.

Na ce ya ba ni in yi da kaina. Ban taɓa barin wani ya riƙe mini wuƙa ba.

Na sa bakin fil ɗin a ramin.  Allon na gefe a buɗe, sunan na nan.

Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu.

"Malam, bari."

Na ce ba ke kika matsa a gyara ba?

"Na matsa ne in ga ranar da za ka gaji ka faɗa mini." Ba ta ɗaga murya ba. "Taso ka gani."

Ta ja ni zuwa ɗakin Ni'ima, ta ɗaga labule. Rabona da leƙa shi tun ranar tafiyarta. Ɓawon gyaɗar da ta ci tana haɗa kaya yana nan a ƙasa. Guntayen wayoyin da ta yanke suna nan. Ga busasshen ganyen mangwaro da iska ta shigo da shi, ga yanar gizo ta fara kama ƙafar gado. Yagana, wadda ke share tsakar gida ko ba a taka ba.

"Tun ranar da Ashiru ya tsaya a zaure," in ji ta. "Ɗan da na haifa ya zo gidan nan bai shigo ya gaishe ni ba, ka ce mini sauri yake? Ni ban sa tsintsiya ba. Kai ma ba za ka sa ba."

Na buɗe baki in ce camfi ne. Abin da na saba faɗa ke nan. Bai fito ba.

Da muka dawo falo Kelechi ya riga ya naɗe kebul ɗinsa. Ya mayar da rautar kan randa da hannu biyu, ya gyara mata fanka. "Mama, a bar shi a inuwa. Kada a kashe, kada a kunna. Zai yi iya kwanansa." Ya ƙi karɓar ko ruwa.

Juma'a, bayan la'asar

Yau mu uku muka zauna a zaure. Yagana ta sa mayafi ta fito, ta zauna a tabarmar baƙi, ta ce Ashiru ya faɗa mata komai, kada ya tsallake. Ya faɗa. Ta saurara har ƙarshe tana jan carbi, jinin bai kayar da ita ba. Mu ne dai muka raina ta.

Sannan ta ce a kunna allon.

Alamar ta zama biyu. Muna kallo suka koma shuɗi.

Yagana ta ce, "Ta karanta."

Ashiru ya ce, "An karanta, Inna."

Muka jira har aka kira magariba. Ba amsa. A saman allon an rubuta cewa mai wayar yana kan layi, sannan rubutun ya ɓace.

Ashiru ya ce kada a rubuta komai sai ya yi shawara da mutanen nan. Na ce to. Da ya fita alwala na ɗauki allon na rubuta, na sha magani. Idan ita ce, za ta gane. Idan ba ita ba ce, mai riƙe da wayar ya san akwai tsoho a wani gida da ake tuna wa magani.

Shuɗi, nan take.

Asabar, hantsi

Shiru.

Lahadi, gab da magariba

Tun azahar rautar ta suma, ba ta farfaɗo ba tukuna. Idon farko kaɗai ke ci, shi ma dishi-dishi. Na duba allon, sunayen rautocin maƙwabta duk suna nan, namu babu. Ban cire ta daga wuta ba. Fanka na kanta. Yagana ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna kusa da randa, wai nan ya fi sanyi.

Hadari ya sake haɗuwa, wannan karon da iska. Ta kwaso ganye da leda ta zuba mana a tsakar gida. Tsintsiya na jingine a bakin madafa, ba wanda ya dube ta.

A farkon littafin nan na rubuta cewa ban san abin da ya tuno mini da labarin Sabitu baduku ba. Na lissafa kakata, da mai koko, da mutanen rugage. Ban kai ƙarshen lissafin ba.

Safiyar tafiyar, mai keke na jira a waje yana ta matsa hon, ta riga ta rataya jaka ta kai zaure, sai ta dawo da gudu ta leƙo falo. Ina zaune ina kallon koren idon nan uku.

"Baba, saura abu ɗaya ban gama saitawa ba, in na sauka zan faɗa wa Yaya Ashiru yadda zai yi. Ko ta yi gardama, kar ka bari kowa ya goge mini aiki, ka ji? Ka dai san abin da ya sami Sabitu." Ta kwaikwayi muryar tsofaffi, tana kaɗa mini yatsa, tana dariya. "Ba a share sawun matafiyi sai an ji ya sauka."

Wadda ta faɗa mini shi ta ƙarshe Ni'ima ce.